Bikon Hansai a Jirgi Mai Babbar Riga

A shekarun nan da kuɗin fetur suka sa kowa ya manta girman aljihunsa, lokacin da masinja ke sayen babur, mai babur kuma yana tambayar farashin mota, an yi wani akawu a ofishin ayyuka na Wudil ana ce masa Labaran. Mutum ne mai kirki, ba ya zagi, ba ya cin haƙƙin kowa. Ciwonsa guda ne: duk inda za shi, bakinsa ke riga ƙafarsa isa.

Sau ɗaya tak aka taɓa tura shi Ikko rakiyar motar siminti. Siminti dai bai samu ba, amma Labaran ya dawo da labarin da ya fi lodin motar nauyi. Wai a bakin teku akwai wasu fararen jirage, ba inji, ba gora, ba filafili, sai wani ƙaton ƙyalle da ake ratayawa a sanda iska ta yi ta turawa. Manya ke ɗaukar shatarsu, su kwashi iyali su tafi hutu, suna bin gaɓa suna kishingiɗe suna shan lemo. A faɗar farko hango su ya yi daga kan gada. A ta biyu ya shiga ɗaya. Kafin shekara ta zagayo shi ke tuƙawa, wani Bature na zaune a gefe yana koyo.

Da a majalisa abin ya tsaya, da babu wanda zai cutu. Amma ranar wani suna a maƙwabta, Labaran ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya yadda matan cikin gida za su ji, ya ce kwanan nan zai ɗauki shatar jirgin iska ya kai matarsa Hansai hutu. Tun daga ranar Hansai ta rasa sunanta. A bakin rijiya matar kyaftin, a gidan biki matar kyaftin. Wata ta ce, "Yaya teku?" Wata ta ce, "In za ku tafi a taho mana da gishiri." Hansai mace ce mai haƙuri, ta yi ta haɗiyewa har shekara guda. Ranar da ta ji 'yan mata sun sa ta a waƙar gaɗa, ta ɗaure kayanta ta tafi gidan ubanta, Malam Halliru, a wata unguwa da ke bakin kogi can gangare.

Labaran ya ji wannan yaji har cikin ransa, don yana son Hansai ƙwarai, kuma gidan ya yi masa faɗi. Saƙon Malam Halliru kuwa bai da tsawo: Labaran ya zo biko ran Juma'a tare da babba, kafin faɗuwar rana. In rana ta faɗi bai zo ba, to su haɗu a gaban alƙali.

Babban da Labaran ke da shi shi ne ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Isyaku, dillalin shanu a kara, mutumin da ko gada zai hau sai ya yi addu'a.

"Abu mai sauƙi," in ji Kawu. "Ka sayi ƙwaryar goro, ka sa tsohuwar riga, mu hau keke mu je mu durƙusa. Biko ba ya son ado."

"Kawu, maganar jirgi ce ta fitar da ita. Jirgi ne zai dawo da ita."

"Wane jirgin?"

"Na iska. Mu ɗauko ta a mashayarsu kowa na gani, mu sauke ka, ni da ita mu zarce hutu."

"Kai Labaran, a Wudil akwai teku ne?"

"Akwai ruwa, akwai yashi. Teku me ta fi mu da shi, in ba gishiri ba?"

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ya ce shi alƙawarin rakiya ya yi wa 'yar'uwarsa, bai yi mata alƙawarin hankali ba.

Washegari Labaran ya gangara ƙarƙashin gada, wurin Sabo mai fito, wanda ke da wani dogon kwale-kwale da yake dakon itace da tumatir.

"Sabo, shatar jirginka nake so ran Juma'a."

"Me za a ɗauko?"

"Hutu za a je."

"A ina ake sauka?"

"Ba a sauka. Tafiya kawai ake yi a kan ruwa."

"A tafi ina?"

"Babu ina. Ai shi ne hutun."

Sabo ya sosa ƙeya. "Ikon Allah. Tun ina yaro nake wannan, ban san hutawa nake ba."

"Kuma ba da kai za a je ba. A Ikko manya ba sa ɗaukar matuƙi."

"Jirgin nan fa yana da hali. Yana shan ruwa ta gindi."

"Duk jirgin kirki yana sha."

Zamani ne da ba a cika jan magana ba in dai mai bayarwa ya miƙa hannu, saboda haka aka daidaita. Sabo ya jawo gorar tuƙi da filafili zai sa a ciki. Labaran ya ɗaga hannu ya hana.

"Gora a jirgin iska? Ka taɓa ganin direban mota riƙe da bulalar jaki?"

"To da me za ka tsaya?"

"Abu mai nauyi ake ɗaura wa igiya a jefa a ruwa. Wannan bar min."

Saura ƙyalle. Labaran ya sayi bandir guda na farar shadda, don ya ce ba zai rataya akoko a gaban surukai ba, ya kai wa Maikano tela. Maikano kuwa ba ƙaramin tela ba ne. Hakimai ke aiko masa da ɗinki, kuma ya san haka.

"Ƙyalle nake so babba," in ji Labaran, "fari, mai faɗi, wanda iska za ta shiga ta kumbura shi, duk wanda ya hango daga nesa ya san babban mutum ne tafe."

"Babbar riga ke nan."

"Ba riga ba. Ka haɗa shi kawai ka kalmashe baki."

"Shadda? Bandir guda? In kalmashe baki kamar zanen gado?"

"Haka nake so."

"To," in ji Maikano. Duk wanda ya san tela ya san ma'anar wannan to ɗin.

Ran Alhamis da yamma Labaran ya zo karɓa, ya tarar da shagon cike da jama'a. Maikano da mutum huɗu suka ware ɗinkin a bakin titi. Babbar riga ce, irin wadda ko raƙumi zai sa ya yi yawo a ciki. Ga wuya an yanka, ga aikin aska biyu ya sauko har ciki, ga aljihu kamar buhu. An sa mata sitaci, an kai ta mabuga an buga, sai ƙyalli take yi.

"Almakashina bai taɓa ganin shadda ya wuce ta ba wuya ba," in ji Maikano. "Gobe a ce wa ya yi wannan, a ce Maikano. Ni ma ina da 'ya'ya."

Zuciyar Labaran ta yanke. Amma idanu sun yi masa yawa, kuma wani daga baya ya tambaya, "Malam Labaran, haka na Ikkon suke?"

"Sak," in ji Labaran. "Sai dai nasu ba aljihu."

Ran Juma'a, kasuwar Wudil na ci, ana saukowa daga masallaci sai rabin kasuwar ya koma kan gada. An kafa azara a tsakiyar jirgin Sabo an ɗaɗɗaure da igiya. Aka zura gwangwala ta hannun rigar dama ta fito ta hagu. Kafin a ɗaga, Kawu ya juye goron biko a aljihun, ya ce dama aljihu don goro aka yi shi, kuma nan ne kaɗai ruwa ba zai kai ba. Aka ja igiya. Rigar ta miƙe tsaye, hannuwa a buɗe, ba kai.

Gada ta yi tsit. Wani dattijon Bafillace da ya kawo shanu ya cire takalmansa.

Sai lodi. Kujerun kishingiɗa biyu, laima, rediyo, akwatin lemon kwalba, da katan ɗin kifin gwangwani. Masunta suka bi katan ɗin da kallo. Ɗayansu ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya kai wa kogi kifi ba. Daga ƙarshe ƙarti biyu suka kinkimo turmin Hansai da ƙyar, an ɗaura masa igiya a ƙugu. Shi ne abu mai nauyin da za a jefa.

Labaran ya fito cikin farar taguwa da farin gajeren wando da wata farar hula mai baki.

"Ina sauran wandon?" in ji Kawu.

"Haka kyaftin ke sawa."

"Gidan surukin naka za ka da gwiwa a waje? Wallahi ko ka rufe ƙafafun nan ko ka nemi wani kawun."

Aka samo masa jamfa ya ɗora a kai. Kawu ya yi bisimilla, ya karanta duk abin da ya haddace, ya shiga ya zauna ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Sabo ya tura su da ƙafa, sannan ya saɓa gorarsa a kafaɗa ya bi gaɓa, don jirgin nasa ne.

Iska kuwa ranar ta tafi nata hutun. Ɗan abin da ke kaɗawa, in ya zo ya tarar da rigar ta sandare da sitaci kamar ƙyauren ƙofa, sai ya bi ta wuya ya fice abinsa. Ruwa ne kawai ke jan su a hankali, yadda yake jan kara. Jirgin ya karkace, ya ba da gefe, ya juya gaba ɗaya.

"Labaran, me ya sa muke kallon Wudil?"

"Bankwana ake yi wa gari, Kawu. Ƙa'ida ce."

Aka jima. Jirgin ya sake zagayowa, ya kuma sakewa.

"Wannan bankwana na uku ne," in ji Kawu. "Ko Makka za mu ai ya isa."

Labaran ya kishingiɗa a kujera, ya buɗe laima, ya kunna rediyo, ya fasa lemo, don mutanen kan gada su ga yadda ake yi. Suna gani kuwa, don har lokacin ba a yi nisan da za a daina jin tarin Kawu ba. Sabo ya wuce su a ƙasa, ya sami inuwa ya zauna, ya sayi rake ya sha rabi, sannan jirgin ya iso.

"Sannunku da hutawa," in ji Sabo.

"Yawwa," in ji Labaran.

Da suka fita daga gari suka shiga gonaki sai wata sabuwa ta ɓullo. Manoman da ke noma a gaɓa ba su ji labari ba. Suka ɗaga kai suka hango wani ƙaton mutum cikin farar shadda tsaye a jirgi ya buɗe hannuwa. A shekarun nan manya na ɓullowa ta inda ba a zata, saboda haka ba wanda ya tsaya neman kai. Suka yar da fartanya suka zube.

"Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamani!"

Gaisuwa ba a barin ta a ƙasa. Kawu ya saki hannu ɗaya ya ɗaga. "Alhaji ya gaishe ku."

Wani ya biyo gaɓa yana kawo kuka kan takin zamani da bai iso musu ba. Kawu ya ce Alhaji ya ji. Wani kuma ya kutso cikin ruwa har ƙugu ya miƙo zabi biyu a ɗaure, gaisuwar Alhaji. Da ya matso ya leƙa ta ƙasa ya ga azara, ya daɗe yana kallo, amma kyauta in ta fita ta fita. Ya ajiye zabin ya koma gonarsa.

Nan fa jirgi ya fara nuna halin da Sabo ya faɗa. Ruwa ya taso ta gindi ya shafe idon sawu. Kawu ya fizge farar hular daga kan Labaran ya shiga kwarfa.

"Kawu, hular kyaftin ce!"

"Yau ta sami aiki."

La'asar ta yi. Kawu ya nemi alƙibla ya same ta, kafin ya gyara zama ta koma bayansa. Ya yi sallarsa a zaune ya ce Allah ya ga uzurinsa. Rediyo ta sha ruwa ta yi shiru. Zabi suka maye gurbinta.

Sai yanzu Labaran ya dubi rana da gaske. Ta yi ƙasa, ta fara ja. Giginyun unguwar su Hansai kuwa ga su can, ƙanana, ba su matso ba tun ɗazu. Tsoro ya kama shi, tsoro na ainihi, ba irin wanda yake ba da labarinsa a majalisa ba. Ya tuna muryar Malam Halliru, mutumin da in ya ce Juma'a ba ya nufin Asabar.

Sabo ya ɗago gora daga gaɓa. "In miƙo?"

Labaran ya dubi gorar kamar mai ƙishirwa ya ga randa. Sannan ya dubi bayan Sabo. Mutanen kasuwa sun biyo su, wasu a keke, wasu a ƙasa, ga Maikano a kan babur yana tafe a hankali yana nuna wa mutane aikin wuya.

"Riƙe abarka," in ji Labaran.

"Ɗan nan," in ji Kawu, "matarka kake so ko 'yan kallo?"

"Wuyan ne matsalar, Kawu. Ta nan iskar ke zurarewa."

Ya hau kan turmi, ya cusa laimar ta cikin wuyan rigar, ya buɗe ta, ya ɗaure mariƙin a jikin azara. Laimar ta toshe wuyan ruf. Daga gaɓa wani ya ce to alhamdu lillahi, Alhaji ya yi kai.

Ko minti biyar ba a yi ba, hadarin da tun azahar yake haɗuwa a bayansu ba wanda ya kula, ya aiko da iskarsa. Ta zo ta nemi wuya ta rasa. Rigar ta yi wata ƙara kamar an yage buhu, sitacin ya saki, ta kumbura ta yi ciki. Jirgin Sabo, wanda tun da aka sassaƙa shi bai taɓa wuce saurin jaki ba, ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa.

Wayyo daɗi! Labaran ya miƙe tsaye ya riƙe igiya, iska na kaɗa jamfarsa, hawaye na zubo masa. Abin da ya shekara yana faɗa, ga shi yana faruwa, kuma ya fi yadda ya faɗa. Ya juya wajen gaɓa ya ƙwala ihu.

"Na faɗa muku! Na faɗa muku!"

Masu keke suka taka, suka kasa. Sabo ya yar da sauran rakensa ya zura da gudu, gora na rawa a kafaɗarsa. Giginyu suka girma, suka matso. Ga mashaya.

Labari ya riga su isa, kamar yadda ya saba. Duk unguwar ta fito. Malam Halliru na zaune a kan buzu a gindin tsamiya, dattawa a gefensa, mata a baya. A cikinsu Labaran ya hango mayafin Hansai.

Abin da ya kamata a yi a nan ba ɓoyayye ba ne: a hau turmi, a cire laima, a kwance igiya, riga ta sauko. Labaran ya sani. Har ya ɗaga ƙafa. Sai idonsa ya haɗu da na surukinsa. Jikinsa bai yi shawara da shi ba. Takalma suka fita, gwiwoyi suka lanƙwashe, ya durƙusa a cikin ruwan da ke gindin jirgi, kai a sunkuye.

"Tashi ka sauke rigar!" in ji Kawu.

"Kawu, Baba na kallona."

"Ka tashi, na ce!"

"In hau turmi in tsaya a kan Baba? Da gajeren wando a ciki?"

Kawu ya dubi turmin. Shi kansa ya san wannan ba ta yiwuwa. "To a jefa abin tsayawar!"

Suka haɗu suka tura turmin ya faɗa ruwa, tsundum. Ya nutse, ya yi tunani, ya taso. Turmi dai itace ne. Ya biyo bayansu a kan igiyarsa yana tsalle kamar ɗan akuya.

"Salamu alaikum!" Labaran ya ɗaga murya daga durƙushe. "Baba, barka da yamma!"

Malam Halliru bai taɓa gajarta gaisuwa don wani na sauri ba, kuma ba ranar zai fara ba. "Wa alaikumus salam. Barka kadai, Labaran."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." A nan jirgin ya zo daidai da tsamiya.

"Yaya iyali?"

"Lafiya ƙalau. Yaya mutanen Wudil?"

"Suna gaishe ku!" Suna ma tafe a baya. Tsamiya ta fara komawa hagu. "Yaya ruwa, Baba?"

"Ruwa ya yi gyara."

Kawu ya ga in bai sa baki yanzu ba, ba sauran dama. Ya juya ya kama bayan jirgi. "Malam Halliru! Dama mun zo ne kan maganar yarinyar nan!"

"To madalla. Ku sauko mana."

"In Allah ya yarda! Goron yana aljihun Alhaji!"

Malam Halliru ya ce wani abu, iska ta tafi da shi. Abin ƙarshe da ya iso kunnen Labaran muryar Hansai ce, sarai, daga cikin mata: "Wancan ba turmina ba ne?"

Gaba kaɗan kogin ya yi kwana. Jirgin bai yi ba. Ya hau wani tudun yashi a tsakiyar ruwa ya tsaya cak. Azara ba a gaya mata an tsaya ba, ta ci gaba. Igiyoyi suka tsinke, laima ta tashi sama ta nufi Haɗeja, goro ya watse, zabi suka sa kuka, kifin gwangwani ya koma inda kakanninsa suka fito. Rigar ta yi sama ta buɗe, ta sauko a hankali a kan Labaran, wanda har lokacin yake durƙushe. Da ƙura ta lafa sai ga kansa ya fito ta wuyan, daidai, aska biyu a ƙirjinsa, sauran shaddar ta rufe jirgi ta malala a ruwa.

Jama'a suka iso gaɓa, na Wudil da na unguwa, suka yi sahu. Ba wanda ya yi dariya tukuna. Maikano ya kashe babur, ya sauko, ya karkata kai ya duba.

"Wallahi ta zauna," ya ce. "Kafaɗar ce kawai take son ragi."

Sai gaɓa ta fashe. Dariya har da masu faɗuwa, har da masu riƙe ciki, har dattawa na goge ido da bakin rawani. Sabo ya kutso cikin ruwa, wanda bai wuce gwiwa ba, ya ɗaga gefen rigar ya duba gindin jirginsa, ya ƙwanƙwasa, ya gamsu. Sannan ya dubi Labaran.

"Hutun ya ƙare, ko in dawo gobe?"

Labaran ya kau da kai. Kawu ya rarrafo daga ƙarƙashin hannun riga, zabi a hammata, ya taka ruwa ya haye, ya sumbaci ƙasa. Ya ce shi ya yi rakiya, ya yi gaisuwa, ya gabatar da magana, sauran kuma tsakanin Labaran da alƙali.

Rana ta faɗi. Daga unguwar aka kira magariba, mutane suka fara janyewa suna waiwaye. Labaran na zaune cikin rigarsa bai motsa ba. Dariyar ba ta dame shi ba, ya saba ana yi a bayansa, yau an yi a gabansa ne kawai. Abin da ke cin ransa shi ne ya zo har ƙofar gida, ya ga mayafinta da idonsa, ya wuce. Da keke ya hau, da yanzu tana bayansa. Karo na farko a rayuwarsa ya nemi abin faɗa ya rasa.

"Malam."

Ya ɗaga kai. Hansai ce tsaye a gaɓa, ƙullin kayanta a ka, wata tsohuwar gwaggonta a gefe tana dogara sanda.

"Malam, fito mu tafi gida."

"Baba fa? Me ya ce?"

"Ya ce ba ka zo ba. Ya ce wucewa ka yi."

"Gaskiya ya faɗa."

"Na ce masa tunda kai ka kasa zuwa bikona, ni bari in je naka. Ya ce bai taɓa jin an yi haka ba. Na ce yau abubuwa da yawa aka gani da ba a taɓa ji ba. Ga Gwaggo na taho da ita, don biko ba a zuwa ba babba."

Gwaggo ta ɗaga sanda. "Ka yi haƙuri ka koma ɗakinka, ɗan nan. Zaman aure ɗan haƙuri ne."

Labaran ya sunkuyar da kai cikin wuyan riga. "Hansai, na kunyata ki a gaban duk garinku."

"Ka kunyata ni," in ji ta. "Amma shekara guda ana ce min matar maƙaryaci, ba ni da bakin ramawa. Yau kowa ya ga jirgi, ya ga iska, ya ga ka tuƙa. Daga gobe matar wawa za a ce min." Ta gyara zaman ƙullin a kanta. "Wannan zan iya zama da shi."

An sha yi wa Labaran kirari a majalisa, yawanci shi ke yi wa kansa, amma ba wanda ya taɓa shiga ransa kamar wannan. Ya miƙe, ya tattara shaddar da ta sha ruwa ya rungume ta a ƙirji, ya tako cikin kogi a hankali har ya hau gaɓa. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, wannan karon ƙasa ba ta motsa ba. Hansai ta juya ta kama hanyar Wudil, ya bi bayanta, gefen riga na jan yashi.

Sun yi 'yar tafiya. Bakin dai baki ne.

"Amma dai, Hansai, kin ga gudu."

"Na gani, Malam," in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Shi ya sa za mu koma a ƙasa."